Daɓen da ke Nuna Alƙibla

Asabar, 3 ga Rajab

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya sa ta zauna daram a ƙarƙashin ƙafafun bayinsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa. Don kaina nake wannan rubutu, amma idan ya faɗa hannun wani bayan raina, to ina yi masa sallama.

Jiya muka dawo daga gidan 'yarmu Auta, inda muka yi 'yan kwanaki. Muka tarar bututun banɗakin uwargidana Hajiya ya fashe a cikin bango. Ruwa ya bi ta ƙarƙashin daɓen katakon ɗakinta, ya kwana ya wuni ba wanda ya sani. Kusan rabin ɗakin ya kumbura. Falankai sun ɗaga baki, samansu yana ɓarewa.

Alhamdu lillahi, ni na riga ta shiga, ba ta taka ba. Alhamdu lillahi kuma, ruwan bai kai ɗakin karatuna ba. Shi na fara leƙawa kafin nata. Na rubuta ne domin haka aka yi.

Lahadi, 4 ga Rajab

An toshe bututun. An mayar da gadon Hajiya falo, inda tayil ne.

Bari in ajiye tarihin daɓen nan, domin yara suna ganin katako ne kawai. Shekaru goma sha wani abu da suka wuce, sa'ad da za a shimfiɗa shi a ɗakinta da ɗakin karatuna, na lura bangon gidan bai yi daidai da alƙibla ba. Na ɗauko kamfas da zare, na ja layi, na ce a bi layin nan, kada a bi bango. Mai aikin na wancan lokaci ya yi ta ƙunƙuni, domin kowane falanki da ya kai bango sai an yanke shi a karkace, kuma guntayen ba su da amfani. Ta haka kwalin da ya kamata a ajiye don irin wannan rana ya ƙare ƙarƙaf.

A lokacin idon Hajiya garau yake, ita ke zura mini zare a allura. Ta tsaya a bakin ƙofa tana dariya, ta ce, "Malam, har katako ma sai ya daidaita sahu?"

Daga baya hasken idonta ya tafi a hankali, har ya tafi duka. Tsakanin falanki da falanki akwai ɗan siririn kwarmi. Ita da kanta ta gano shi da babban yatsan ƙafarta. Ta sauko daga gado, ta laluba, ta bi shi har kusa da taga, nan ta tsaya, fuskarta tana alƙibla. Duk shekarun nan ba ta taɓa tambayar kowa ina ne gabas ba. Abin da na yi don tsanani irin nawa, Ubangiji ya mayar mata da shi sanda. Ban san da me zan gode wa wannan ba.

Yanzu a falo, kowace salla sai ta kira wani.

Talata, 6 ga Rajab

Kafinta ya zo, mutum mai natsuwa, fensir a bayan kunne. Ya ciro falanki ɗaya ya nuna mini gefensa. Ashe ba katako ne zalla ba. Falle-falle ne aka manne, na saman kaɗai ne itace mai daraja, kuma siriri ne ƙwarai. Na tambaye shi ko za a goge da samfefa a sake shafa masa mai. Ya ce wanda ya sha ruwa ya rabu da falle, ba ya komawa.

Ya juya shi, ya duba tambarin da ke baya, ya girgiza kai. Kamfanin ya daɗe da daina yin wannan samfurin.

"Baba, akwai ragowar kwali a sito?"

Na ce alƙibla ta cinye. Da na yi masa bayani ya yi murmushi. Sa'an nan ya ce abin da suka saba yi in kaya ya ɓace a kasuwa shi ne a ciro daga wani ɗakin mai irinsa a cike gurbin, shi kuma wancan ɗakin a sa masa sabo. Ya ce sa'a ɗaya, ba a manne shi da ƙasa ba, harshen kowane falanki ne ke shiga bakin na kusa da shi, zai fito in an bi shi a hankali.

Na ce masa ɗakin karatu ba ya taɓuwa.

Ya ce, "To, Baba."

Ba taurin kai ba ne. Kantocin littattafai a kan daɓen suke tsaye, daga bango zuwa bango. Kowane littafi yana inda na sa shi bisa tsarin da ni kaɗai na sani. Ko shara ni nake yi da hannuna. In aka kwashe, a shekaruna...

Za a samu a kasuwa, in Allah ya yarda.

Alhamis, 8 ga Rajab

Babban yaronmu ya bar aikinsa ya kai ni shaguna. Allah ya yi masa albarka, bai nuna gajiya ba sai can daga baya. Kowane mai shago ya karɓi guntun da ke hannuna, ya juya, ya ce, "Ai Alhaji wannan tsohon yayi ne," ya ɗauko mini wanda ya ce ya fi shi. Ɗaya har ya ce in na sa nasa, sai baƙi sun tambayi inda na saya. Na ce baƙina ba ƙasa suke kallo ba.

Muka kawo samfuri uku gida. Aka jera a gaban Hajiya, ta cire safa ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Na farko ba kwarmi sam. Na biyu da na uku akwai, amma ido ne kawai ke ganinsa. Tafin ƙafarta ya yi nauyin ji da shekaru. Ta goga, ta sake gogawa, ta ce, "Waɗannan bebaye ne. Nawa yana magana."

Yaron ya yi dariya, sa'an nan ya gyara zama. Ya ce shi a ganinsa a kwashe duka a sa tayil, domin ɗaki mai banɗaki ba wurin katako ba ne. Ya ce danshi yana cin abin da ya rage. "Baba, in watan nan ya mutu ba a samu ba, ka yi mini izini in kira masu tayil."

Maganarsa akwai hankali a ciki. Na ce na ji.

Juma'a, 9 ga Rajab

Huɗubar yau a kan haƙuri. Na zauna a sahun gaba ina lissafin faɗin falanki. Allah ya yafe mini.

Litinin, 12 ga Rajab

Auta ta yi ta cigiya ta waya har ta samo wani mutum da ke sayen ragowar kayan gini yana tarawa. Muka je tare da kafinta. Sito ne mai duhu, ƙofofi da tagogi jingine ko'ina. A can ƙurya ga kwalaye masu tambari irin namu. Launi ɗaya, faɗi ɗaya, kwarmi ɗaya. Har na fara hamdala a bayyane.

Kafinta ya ɗauki ɗaya ya gwada da guntunmu. Harshen bai shiga ba. Ya juya, ya sake, bai shiga ba. Ashe kafin su daina yi sun sauya yankan gefen, wannan ƙanen namu ne, ba tagwayensa ba. Ya ce in aka tilasta, zai buɗe baki nan da 'yan watanni, ya kama ƙafar mai tafiya.

Mai siton ya ba mu ruwa mai sanyi, ya raka mu har mota, ya yi wa Hajiya addu'a alhali bai san ta ba. Hamdalar da na fara ban janye ta ba. Gara a gane a sito da a gane a ƙarƙashin ƙafarta.

Alhamis, 15 ga Rajab

Wannan rana ta yi mini nauyi.

Tun da aka dawo da ita falo, Auta ta shimfiɗa mata sallaya a daidai, ta ce kada kowa ya taɓa. Yau surukarmu ta yi shara ta ɗaga ta, ta mayar yadda ido ya ba ta, wato daidai da bango, kamar yadda kowa zai yi. Ba laifinta ba ne, yarinya ce mai kirki. Na dawo daga masallaci bayan la'asar, na tarar da Hajiya a tsaye tana salla, fuskarta wajen ƙofar kicin. Tana raka'ar ƙarshe. Na tsaya da takalmi a hannu har ta sallame.

Ta ji numfashina. Ta ce, "Na karkace ko?"

Na zauna kusa da ita na fara bayani. Na ce wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa ba a kama shi da abin da ya fi ƙarfinsa, na kawo maganar malamai a kan marar gani, da abin da aka ce game da ramawa a cikin lokaci. Na tsara shi yadda nake tsara wa ɗalibai.

Ta bar ni har na kai aya. Sa'an nan ta ce, "Malam, ba fatawa na tambaya ba. Na san Ubangijina ba zai ƙi ni ba. Ni dai da, in na tashi zuwa gare shi, ba na biyawa ta hannun kowa."

Na juya mata sallayar. Ta sake sallar.

Asabar, 17 ga Rajab

Na shiga ɗakin karatu da hantsi, na rufe ƙofa, na buɗe littafi. Layi ɗaya na yi ta maimaitawa.

Sai na yi abin da ba zan gaya wa kowa ba. Na cire safa, na rufe ido, na nemi kwarmin da yatsana. Da ƙyar na same shi. Na bi shi kaɗan, ya kuɓuce mini, na sake samu, na buga gwiwa da kantar littattafai. Abin da take yi sau biyar a yini ba tare da ta taɓa ambata ba.

Kwarmin nan lafiyarsa ƙalau. Yana nuna alƙibla a ƙarƙashin kantoci, inda ba mai salla.

Litinin, 19 ga Rajab

Yaron ya zo da mai tayil ya auna ɗakin, don a kasance cikin shiri, in ji shi. Hajiya ta ji ƙarar awon. Da suka tafi ta ce mini, "A sa tayil ɗin, Malam, kada a wahalar da yara. Na fara sabawa da tambaya."

Ta san abin da kafinta ya ce game da ɗakin karatu. Tana falo ranar, kuma kunnenta ya fi na kowa a gidan nan. Ba ta taɓa ɗaga maganar ba, ko da wasa. Da ta roƙa, da na sami abin da zan yi gardama da shi.

Na fara sabawa da tambaya. Kalmar nan ta bi ni har masallaci.

Laraba, 21 ga Rajab

Na kira kafinta.

Asabar, 24 ga Rajab

An kwashe littattafai. Yaron da Auta da surukarmu suka yi layi daga ɗakin zuwa falo, ni ina miƙawa kanta bayan kanta, ina cewa a riƙe da hannu biyu. Auta ta ce, "Baba, na haifi 'ya'ya uku, ban taɓa yar da ko ɗaya ba." Rabonta da shiga ɗakin nan tun tana 'yar makaranta, ranar da ta zubar mini da tawada. Ta tsaya tana kallon bango, ta ce ashe ƙarami ne.

Tsarina ya rushe tun kafin azahar. Nahawu ya hau kan fiƙihu, tarihi ya shige ƙarƙashin kujera. Na zaci zan ji zafi fiye da haka.

Aka tara su kewaye da gadon Hajiya. Ta shaƙi iska ta ce, "Wannan ƙamshin nake ji a rigarka shekara da shekaru, yau na haɗu da masu shi." Ta miƙa hannu ta ɗauki wani ɗan ƙarami mai bangon fata, ta tambaye ni na mene ne. Na ce na ladubban zama da mutane ne. Ta ce, "Kai ka karanta shi kuwa?" Yara suka kwashe da dariya, har da surukarmu da ta rufe baki da mayafi. Ni ma na yi.

Ta ce in karanta mata kaɗan. Na karanta shafi biyu. Ta tsayar da ni sau uku da tambaya, ɗaya daga ciki sai da na duba sharhi.

Talata, 27 ga Rajab

Kafinta ya ɗaga daɓen ɗakin karatu, daga bango ya faro, yana zare kowane falanki kamar mai cire ƙaya. Wasu sun karye a harshe, amma dogayen tsakiya sun fito lafiya, kuma sun isa. Ƙasan ɗakin Hajiya ta bushe. Alhamdu lillahi.

Abu ɗaya: launi. Nata rana ta sha shi ta taga ya yi haske, nawa ya zauna a inuwa ya riƙe duhunsa. Da ya jera layin farko sai ga bambanci ƙiri-ƙiri, kamar faci a riga. Na ce ba yadda za a yi? Ya ce rana ce ta yi wancan, ita ce za ta yi wannan, sai dai a ba ta shekaru.

Na ɗauko kamfas ina bin sa a baya. Ya ce, "Baba, ka huta. Tsohon layin ne liman, ni mamu ne kawai." Duk da haka na duba. Daidai yake.

Yaron ya sallami mai tayil da kyakkyawar magana.

Juma'a, 30 ga Rajab

Bayan na dawo daga masallaci muka shigar da ita. Auta ta so ta riƙe mata hannu, ta ce a sake ta. Ta zauna a bakin gado, ta cire safa, ta sauke ƙafa. Yatsan ya yi 'yar lalube, ya faɗa cikin kwarmin. Ta tashi ta bi shi.

A tsakiyar ɗaki ta tsaya. Ta goga ƙafa gaba, ta goga baya.

"Nan naka ya fara."

Na tambaye ta yadda ta sani. Ta ce, "Bakinsa da kaifi. Ba a taka shi da yawa ba." Ta ci gaba har taga, ta tsaya cak inda ta saba tsayawa, ta ce a ba ta sallayarta, kuma kowa ya fita.

Muka fita. Auta tana share ido, yaron yana duba wayarsa alhali ba wanda ya kira shi. Ni na tsaya a bayan ƙofa har na ji kabbararta. Ya Ubangiji, kai ne abin godiya a farko da ƙarshe. Ka saka wa kafintan nan, ka saka wa mai sito, ka yi wa yaran nan albarka.

Da yamma na gaya mata maganar launin, don kada ta ji a bakin baƙi. Ta ce, "To kai da kake gani sai ka yi haƙuri."

Litinin, 3 ga Sha'aban

Ɗakin karatu siminti ne tsirara. An kawo sabon katakon, ɗaya daga cikin bebayen nan, amma kafinta ya ce sai ya kwana 'yan kwanaki a ɗakin ya saba da iskarsa kafin a shimfiɗa. Falo kuwa jikoki ba sa barin mutum ya haɗa jimla. Saboda haka aka sa teburina a ɗakin Hajiya, gefen taga. Na wucin gadi ne.

Mun gama ɗan littafin ladubba. Ta ce a ɗauko wani.

Alhamis, 6 ga Sha'aban

Ƙafar kujerata ta faɗa daidai wata 'yar lotsawa a daɓen. Na duba, ashe falankin da ke ƙarƙashinta ne can a ɗakin karatu.

Talata, 11 ga Sha'aban

An gama ɗakin karatu tun ranar Asabar. Ya yi kyau. Na sa an bi layin kamfas kamar da, kuma wannan karon na ajiye kwali biyu a sito. An mayar da kantoci, littattafai sun koma, ko da yake ba bisa tsohon tsari ba. Auta ce ta jera rabinsu, kuma na ce mata ta riƙa zuwa tana ɗaukar wanda take so.

Yau yaron ya zo zai ɗauke teburin. Na ce a dakata tukuna, warin sabon katakon bai gama fita ba. Ya leƙa ɗakin ya dawo, ya ce, "Baba, ni ban ji wari ba."

Hajiya tana zaune a bakin gado da carbi. Ta ce, "Akwai. Har nan nake jin sa."

Yaron ya dube ta, ya dube ni, ya ajiye ƙafar teburin da ya ɗaga.

Gaskiya hasken tagar nan ya fi dacewa da idona da hantsi, wannan kowa zai shaida. Kuma faci mai duhun nan, in mutum yana zaune a kansa ba ya ganinsa sosai. Mun tsaya a tsakiyar babi, ta ce ba ta yarda da fassarar da na yi wa wata kalma ba, sai na kawo mata hujja.

Allah ya sa mu cika da imani, ni da ita. Wanda ya karanta wannan bayana, Allah ya haskaka masa idonsa da zuciyarsa, ya daidaita ƙafarsa a kan hanya, ya bar shi kusa da wanda zai gode wa Allah da zamansa. Amin.